Mai Narkewa da Mai Narkarwa: Matsayi Ne, Ba Jinsi Ba



A darasin kimiyyar sinadarai ana koya wa yara cewa in an zuba gishiri a ruwa, gishirin ne mai narkewa, ruwan kuma mai narkarwa. Gaskiya ne, sai dai ɗalibai da yawa sun tashi da zaton mai narkewa dole gari ne ko dunƙule, mai narkarwa kuwa dole ruwa ne. Hujjar da na zo da ita yau ita ce, sunayen nan biyu matsayi ne da abu ke samu a cikin haɗi, ba halittarsa ba ce. Iskar da muke shaƙa haɗi ce, inda naitirojin mai kashi 78 cikin ɗari ke ɗauke da oksijin mai kashi 21. Lemon kwalba na kumfa da an ɓalle marfi saboda iskar kabon da ke narke a cikinsa ta sami hanyar fita. Ruwan ma yakan canza matsayi: a itanol ɗin ɗakin gwaji mai kashi 95, shi ne mai narkewa.

Wani zai ce, ashe dokar mai sauƙi ce, wanda ya fi yawa shi ne mai narkarwa. Ba kullum ba. A zafin ɗaki, giram 100 na ruwa ba ya ɗaukar gishirin da ya wuce kimanin giram 36, amma yana shanye sukari wajen giram 200. Sukarin ya ninka ruwan nauyi, duk da haka ruwan ne mai narkarwa, domin shi ya riƙe kamanninsa, sukarin kuwa ya tarwatse a cikinsa. Yawa alama ce kawai. Abin dubawa shi ne wanda ya warwatsa wani.

Wani kuma zai ce, in matsayi ne, me ya hana man gyaɗa narkewa a ruwa? Ai matsayin ma sai da dacewa. Ƙwayar ruwa na da caji iri biyu a gefunanta, da su take fizgo sodiyam da kulorayid daga gishiri ta kewaye su. Mai ba shi da wurin kamawa. Amma dacewar tana sauyuwa, kuma marinan Ƙofar Mata a Kano shaida ne. Launin baba ba ya narkewa a ruwa, sai an haɗa shi da toka da kanwa an bar shi kwanaki ya ruɓa. A nan yake rikiɗa ya narke, ya ratsa zare. Yadin da aka rina yakan fito kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi, launin ya sake ƙin ruwa ya zauna daram.

Don haka, malamai, mu daina sa ɗalibi haddar jerin sunaye. Mu ba shi haɗi a hannu, mu tambaye shi wa ya warwatsa wa, da wane dalili.