Mudun Da Muke Auna Yaranmu Da Shi

Shugaban wannan reshe na ƙungiyarmu ta NUT, shugabannin makarantu, iyayena da yayyena a wannan aiki, 'yan'uwana malamai maza da mata na Sabon Birni da Isa.

An umurce ni in yi magana a kan jarrabawa, amma ina neman izini in fara daga kasuwa. Duk wanda ya taɓa sayen gero ya san sai an duba kwanon awo kafin a ƙulla ciniki. In tiya ta lotsa, ko mai awo yana cika wa wani har da tsororuwa yana shafe wa wani, buhu ɗaya zai ba da tiya 40 da safe ya ba da 43 da yamma, alhali ko ƙwaya ba ta ƙaru ba. Jarrabawa ita ce mudunmu. A kwalejin ilimi an koya mana cewa ana neman abu biyu gare ta: ta auna abin da aka ce ta auna, sannan in an sake gwada yaron gobe, ko wani malami dabam ya duba takardarsa, a sami sakamako kusan iri ɗaya. Wannan na biyu shi ne amincin ma'auni, kuma abin da nake son nunawa shi ne, sigar da muka zuba tambaya a cikinta tana iya ƙarfafa shi, tana iya rushe shi.

Ga abin da ya faru da ni. A wani ƙarshen zango ina riƙe da aji huɗu, ajin ya cika maƙil da yaran da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu. Babu takarda, babu kuɗin bugawa, sai na rubuta tambaya 10 a allo, kowacce amsarta gaskiya ko ƙarya. Wani yaro ya ci 7, wata yarinya ta ci 5, na zuba a katin sakamako na sa hannu. Da aka dawo hutu na riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya ina miƙa masu littafin Mu Karanta na aji biyu. Yarinyar ta karanta shafi guda ba gargada. Yaron kuwa ya kasa haɗa baƙi da wasali. Mahaifinsa ya riga ya ga katin, ya yi murna, har ya aiko mini da godiya. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba, domin da hannuna na shaida wa bawan Allah abin da babu shi.

Laifin ba na yaron ba ne, lissafi ne ya yi halinsa. Tambayar gaskiya ko ƙarya fuska biyu gare ta, saboda haka wanda bai san komai ba yana da rabin damar dacewa. In aka zaunar da yara 100 da ba su iya karatu ba, aka ba su irin waɗannan tambayoyi 10, aka ce 5 ne makin cin jarrabawa, kimanin 62 daga cikinsu za su haye da canki kawai. Amma in aka mai da tambayoyin 40, kowacce da zaɓi huɗu, aka ce sai an ci 20, mai canki zai tsaya wajen 10, kuma ko ɗaya cikin dubu ba zai haye ba. Tun a 1910 masana biyu, Spearman da Brown, kowanensu ya nuna cewa ƙara yawan tambayoyi masu kyau yana ƙara amincin gwaji. Gajeriyar jarrabawa tana sauƙaƙa wa malami aiki, amma sa'a ce take yi masa alƙalanci.

Wani zai ce to mu koma ga insha'i, inda babu canki. Can ma akwai rami, sai dai a wannan karon mai dubawa ne yake lotsa mudun. A 1912 wasu masana a Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, suka kwafi takardun Ingilishi na ɗalibai biyu suka rarraba wa malamai 142. Takarda ɗaya ta sami maki daga 64 har 98, ɗayar kuma daga 50 har 97. Da aka ce ai harshe ne, dole a saɓa, sai suka maimaita da takardar lissafi a 1913, saɓanin ya ma fi haka faɗi. Mu nan muna da namu ƙarin. Yaron Gobir da bakin gidansu yake rubutu: zai rubuta tahi a maimakon tafi, zamna a maimakon zauna, biyat a maimakon biyar. Malami ɗaya zai soke duka ya rage maki, wani ya ce ai amsar daidai take ya ba shi cikakke. In darasin na ƙa'idojin rubutun Hausa ne, ragewar tana da hujja. In kuwa tambayar a kan tsafta ce ko tarihin Bawa Jangwarzo, to mun hukunta yaro a kan abin da ba mu tambaye shi ba.

Akwai siga ta uku, wadda da yawa daga cikinmu suka gani da idonsu. Tun wajen 2011 aka soma gudanar da gwajin karatun farko na EGRA da Hausa a jihohin Sakkwato da Bauci. A nan ana zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi baƙaƙe ko gajeren labari, a ƙirga abin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Babu canki, babu leƙen na kusa. Wannan gwaji ne ya tona cewa yara masu ɗimbin yawa da ke ajin biyu da uku ba sa iya karanta ko kalma ɗaya, alhali katunanmu suna cewa sun ci. Sai dai shi ma yana da nasa rauni. Yarinyar da aka tarbiyyantar da sunkuyar da kai gaban babba, ko yaron da ya tsere cikin dare yana jin harbi, in baƙo ya zauna gabansa da agogo a hannu, harshensa na iya ɗaurewa, ya fito da sifili alhali ya sani.

Sannan ga kayan amsawar kansu. Yaronmu da ya shekara shida yana kwafe tambaya daga allo, ranar jarrabawar shiga sakandare sai a miƙa masa bugaggiyar takarda mai ƙananan gurabe a ce ya cike da fensir. In ya tsallake layi ɗaya, duk amsoshin da ke ƙasa sun goce. A gaba kuma, tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Ɗalibin da ya taso daga Gatawa ko Turba, wanda bai taɓa ɗora hannu kan na'urar ba, jarrabawa biyu yake yi a zama ɗaya, ta darasi da ta na'ura, kuma makin da zai fito ba zai bambance mana wadda ya faɗi ba.

Kada mu ɗauka zancen na yara ne kawai. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, kuma a kan haka aka sallame su, har ƙungiyarmu ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ba na cewa kowa a cikinsu ya cancanci riƙe alli. Abin da nake cewa shi ne, duk lokacin da za a yanke abincin mutum da zama ɗaya a kan takarda ɗaya, haƙƙinmu ne mu tambaya: tambaya nawa ce, wa ya tsara ta, wa ya duba, kuma da an sake gwajin mako mai zuwa, mutanen nan ne dai za su faɗi? Amma ba za mu yi wannan tambaya da ƙarfin zuciya ba muddin mu ma da lotsattsen mudu muke auna na ƙasa da mu.

Don haka ina roƙon wannan reshe ya amince da abubuwa huɗu, waɗanda babu mai buƙatar kwabo daga gwamnati. Na ɗaya, mu daina yanke hukuncin zango da tambayoyin gaskiya ko ƙarya guda 10. Mu ƙara yawan tambayoyin, mu gauraya canki-canka da cike gurbi da ɗan rubutu. Na biyu, kafin a duba insha'i malaman aji ɗaya su zauna su rubuta jagorar ba da maki, su yi musayar takardu biyar su ga ko alƙalumansu sun zo ɗaya. Na uku, kowane zango mu saurari kowane yaro yana karatu da bakinsa, ko da minti ɗaya ne, kuma malamin da ya saba da shi ya saurare shi. Na huɗu, 'yan aji shida su gwada cike takardar amsa sau da yawa kafin ranar jarrabawa, ko da zana ta za mu yi a allo.

Yaron nan da na ba ku labarinsa, na je gidansu na gaya wa mahaifinsa gaskiya. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Malam, gara da ka faɗa mini tun ana iya gyarawa." Muka ɗauki zango biyu muna zama da yaron bayan an tashi, kuma kafin ya bar hannuna yana karanta wa mahaifinsa wasiƙa.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu ta Gobir, ya mai da yaranmu makarantunsu, ya ba mu ikon cika mudu.