Fitar Shaƙatawa ta Ɗaliban Azhar a Alkahira

Ɗaliban ƙasashen waje da ke karatu a Jami'ar Azhar kan fita shaƙatawa ne da yammacin Alhamis ko bayan sallar Juma'a. Mafi yawa tsohon gari suke nufa, wajen masallacin Azhar da aka fara ginawa a shekarar 970, su tsallaka titi zuwa kasuwar Khan Khalili, inda ake cinikin turare da carbi da fitilun tagulla. A nan baƙo ke cin karo da Larabcin yau da kullum na Misirawa, wanda ya sha bamban da na littafi. Kunne kan yi watanni kafin ya saba, kuma taya kaya a bakin shago ya fi komai saurin koyar da shi.

Abincin fita shi ne kushari: shinkafa da taliya da adas, a zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa. Da azumi kuwa ana jera tebura a titi, kowa ya zauna ya sha ruwa kyauta.

Dalar Giza da birnin Iskandariyya sai lokacin hutu, kuma katin ɗalibi yana rage kuɗin shiga wuraren tarihi. Ya kamata iyaye da hukumomin tallafin karatu su riƙa sanya kuɗin irin wannan fita cikin guzurin ɗalibi.