Ruwan Alau da Abin da Ya Rage a Wuyanmu

 Muna gode wa Allah da Ya tara mu da ranmu da lafiyarmu, muna roƙon Ya ji ƙan waɗanda ruwa ya ci.

An nemi mu yi magana a kan ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024, da yadda imani ya riƙe mu a cikinta. Ba sai mun tsawaita labarin daren ba, domin duk wanda ke zaune a nan yana da nasa. Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya bar hanyarsa, kafin hantsin Talata ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Galtimari. Ya shiga Kasuwar Monday, wadda ba ta gama farfaɗowa daga gobarar 2023 ba, ya kai fadar Mai Martaba Shehun Borno, ya kutsa asibitin koyarwa. Sansanin Bakassi, wanda aka rufe a 2021, aka sake buɗe shi, kuma cikin masu neman tabarma a can har da mutanen da a shekarun baya su ne suke kai wa 'yan gudun hijira abinci. A watan Oktoba kwalara ta biyo baya.

Abin da muka gani a kwanakin nan ba za mu manta da shi ba. Samari sun ɗaure jarkoki sun yi gadar fito, direbobin tifa sun kwashi tsofaffi da jarirai ba tare da sun tambayi ko sisi ba, matan unguwannin da ke kan tudu sun ɗora manyan tukwane dare da rana. Masallatai da majami'u sun buɗe ƙofofinsu, kuma wanda ya miƙa hannu ya ciro mutum daga ruwa bai tsaya tambayarsa sunansa ko alƙiblarsa ba. A bakin kowa kalma ɗaya ce: ƙaddara. Ita ta hana mutumin da ya rasa gida da shago a dare guda zaucewa. Wanda bai taɓa zama a gaban uwar da ba a ga ɗanta ba, bai san nauyin wannan kalma ba, kuma ba ma so kowa ya raina ta a gabanmu.

Sai dai muna roƙon ku yi haƙuri da mu a nan, domin kalmar tana da wurin da take magani, tana da wurin da ake fakewa da ita. Idan an faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, ta'aziyya ce. Idan kuwa an faɗe ta domin a rufe tambayar yadda aka kula da madatsar da ta taɓa cin garin nan a 1994, to an ɗora wa addini kayan da ba nasa ba. Shekara talatin cif tsakanin ruwan farko da na biyu. Yaran da muka koya wa karatu a tsakani sun yi aure sun haifi nasu. Musulminmu da Kiristanmu duk mun taso da labarin Annabi Nuhu, wanda ya sassaƙa jirgi tun ƙasa tana bushe, mutane suna yi masa dariya. Mun san Annabi Yusuf, wanda ya tara hatsi shekara bakwai na yalwa saboda bakwai na fari. Babu wanda ya kai su dogara ga Allah, kuma dogarar ce ta sa su aiki. Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 a 2025 domin sake gina madatsar. Mun yi murna, kuma haƙƙinmu ne, a matsayinmu na mazauna bakin kogin, mu riƙa tambayar inda aikin ya kai ba tare da an ce mun yi rashin tawakkali ba.

Akwai wani gari da ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya san labarinsa, saboda kamar da ke tsakaninmu da shi. A ƙarshen Agusta 2005 guguwar Katrina ta faɗa wa New Orleans a Amurka. Can ma katangun da aka gina domin tare ruwa ne suka karye, har kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. Masu ibada sun yi ta kai agaji kamar yadda aka yi a nan. Amma da ruwa ya janye aka zauna tsara makarantu, sai aka sallami malamai da ma'aikatan makaranta fiye da 7,000, ƙungiyar malamai ta rasa yarjejeniyarta da hukuma, aka miƙa yawancin makarantu ga wasu masu gudanarwa. An yanke wannan hukunci alhali malaman suna warwatse a wasu garuruwa suna neman wurin kwana. Ba mu ce haka za ta faru da mu ba. Mun kawo shi ne domin a ga cewa ana yanke makomar makaranta a watannin da hankalin kowa ke kan shinkafa da bargo.

Makaranta ce farkon wurin da ake buɗe wa mutane idan masifa ta zo, ita ce kuma ƙarshen wurin da ake tunawa da shi idan ta wuce. Azuzuwanmu sun zama ɗakunan kwana, kuma da zuciya ɗaya muka ba da su. Wasu bencina sun shiga murhu, ba mu ga laifin uwar da ta dafa wa 'ya'yanta abinci da su ba. Rajistoci sun jiƙe sun manne, tawada ta narke, sunayen yara suka tafi da ruwa. Da aka koma karatu, a kusan kowane aji akwai gurbin da babu mai shi: wannan an kai shi ƙauye wajen kakarsa, waccan tana talla domin jarin uwarta ya narke, wani kuwa babu wanda ya san inda iyayensa suka koma. Waɗanda suka dawo ma, da zarar hadari ya haɗu sai ka ga idanunsu sun bar allo sun koma taga. Kwalejin ilimi ba ta koya mana abin da za mu ce wa yaro ɗan shekara bakwai da ya tambaye mu ko Allah fushi Yake yi da su ba. Abin da muke ce masa shi ne Allah bai yi fushi da shi ba, ruwa ne ya fi ƙarfin bango, kuma manya suna gyara bangon. Muna so maganar nan ta ƙarshe ta zama gaskiya.

Saboda haka muna roƙon reshe ya ɗauki neman yaran da ba su dawo ba a matsayin aikin ƙungiya, kowace makaranta ta fitar da sunayensu, mu bi su gida gida tare da masu unguwanni da limamai da fastoci. Sadakar buhun shinkafa tana da lada, mayar da yarinya aji ma tana da nata, sai dai ita babu mai ɗaukar hotonta. Muna kuma roƙon a kafa asusun gaggawa da ɗan abin da za mu iya cirewa duk wata, a ajiye kwafin takardun kowane malami a ofishin reshe da kuma a waya, domin akwai 'yan'uwanmu da takardar kama aiki da shaidar karatunsu suka lalace a dare ɗaya. Idan kuma za a zauna kan gyaran makarantu, a nema wa ƙungiya kujera tun kafin a raba aiki.

Mun miƙa waɗannan buƙatu a rubuce ga sakatare, muna fatan a sa su cikin ajandar zama mai zuwa, kafin damina ta kankama. Allah Ya kiyaye mu da 'ya'yanmu. Wassalamu alaikum.