Mai Riƙe da Biro: Yadda Baƙuwar Fuska Ke Cin Zaɓen Fitar da Gwani

 

Kusan kowa a zauren nan ya taɓa wayar gari ya ga fosta a katangar unguwarsu, da hoton mutumin da bai taɓa haɗuwa da shi a masallaci ko jana’iza ko ɗaurin aure ba, a ƙasa an rubuta shi ne ɗan takarar jam’iyya. In ka tambaya sai a ce ai yaron wane ne, daga Abuja aka turo shi. Bayan ya ci, ya shekara huɗu a majalisa ba a ji tarinsa ba, sai mu dawo tarurruka irin wannan mu zagi talaka, mu ce ya sayar da ƙuri’arsa a kan taliya da turmin atamfa. Ni na gaji da wannan bayani. Kafin taliya ta iso unguwa an riga an yi mai wuyar. Abin da na zo karewa yau shi ne cewa takarar irin waɗannan mutane ana cin ta ne ranar da aka rubuta sunayen daliget, kuma duk wanda ke riƙe da biro a ranar shi ne mai zaɓe na gaskiya.

Mu fara da lissafi, don nan ne maganar take. A zaɓen 2023 masu rajista a Najeriya sun haura miliyan 93. Waɗanda suka zaɓa wa waɗannan miliyoyi ’yan takara fa? A taron PDP na 28 ga Mayun 2022 kowace ƙaramar hukuma cikin 774 daliget ɗaya ta aika Abuja, kuma Atiku Abubakar ya ɗauki tuta da ƙuri’a 371, Nyesom Wike na biye da 237. A APC uku-uku aka yi, kimanin mutum 2,300 ke nan, Bola Tinubu ya samu 1,271. Waɗannan manyan ’yan siyasa ne sanannu, ba su nake nufi da baƙuwar fuska ba. Na kawo su ne don a ga ƙanƙantar rumfar ko a can sama. Sauko ƙasa ka ga abin mamaki. A wancan zagaye PDP daliget uku ta fitar a kowace mazaɓa, APC biyar. Kujerar majalisar jiha mai mazaɓu goma, daliget ɗinta talatin ne a wata jam’iyyar, hamsin a wata. Wanda ya riƙe mutum 16, ko 26, ya gama. Mutum 16 motar haya guda ce. Jihar Kano mai masu rajista kusan miliyan 6 tana da mazaɓu 484. A ninka da biyar, mutum 2,420 ne za su tsayar da wanda zai nemi mulkin jihar, a ninka da uku, 1,452. Ɗaliban wata babbar sakandare ɗaya sun kai haka.

Yadda rumfar ta ƙara tsukewa a 2022 ma abin kunya ne ga Majalisar Tarayya. Da suka rubuta sashe na 84(8) na Dokar Zaɓe sai suka manta da daliget masu kujerar dindindin, wato zaɓaɓɓu da tsofaffin masu muƙami da shugabannin jam’iyya, har da su kansu. Suka farga a watan Mayu, suka yi gyaran gaggawa, Shugaba Buhari bai sa hannu ba. Sai ya zamana daliget na wucin gadi ne kaɗai ke da ƙuri’a. Wasu sun yi murna, suka ce an karya manya. Ni a ganina ƙara wa mai biro ƙarfi aka yi, domin tsohon ɗan majalisa ko tsohon ciyaman yana iya yi wa gwamna gardama, amma wanda jiya-jiya aka rubuta sunansa a falon gidan gwamnati ba shi da bakin musu.

To su wa ake rubutawa? Na halarci zaɓen daliget a wata mazaɓa a matsayin mai sa ido, ba zan faɗi jam’iyya ko gari ba. Tun hantsi mutane suka taru a filin firamare, wasu da katin jam’iyya a leda, ana jiran jami’an da za su zo da takardu. Azahar ta yi, aka yi salla a gindin darbejiya, mai ruwan leda ya sayar da kayansa ya tafi. Wajen la’asar sakaliya wani ya zo a kan babur ya ce a watse, an yi maslaha, sunaye sun wuce hedikwata. Da takardar ta fito bayan kwana biyu sai ga sunan direban shugaban jam’iyya na mazaɓar, da ƙanin matarsa, da wata baiwar Allah da ta ce ita ma a bakin maƙwabta ta ji. Wani dattijo da ya yi NEPU da PRP ya kalle ni ya ce, “Malam, mu dai ’yan rakiya ne.” Bayan haka, daren zaɓen fitar da gwani aka kwashe daliget zuwa otal, aka karɓe musu wayoyi, aka kira su ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Da safe aka zubo su a bas, kowa ya san sunan da zai rubuta, wanda bai iya rubutu ba aka sa masa mai taimako. Jami’in hukumar zaɓe yana zaune a gefe da fayil ɗinsa, ya ga layi ya tafi daidai, ya rubuta an yi lafiya. Bai yi ƙarya ba. Ya dai iso ne bayan an share wurin.

Kada a ɗora wa daliget laifin duka. Mutum ne da ɗan majalisa ba ya ɗaga wayarsa tsawon shekara huɗu, shi kuwa ya san dare ɗaya ne nasa, kakarsa ke nan. Shehu Sani, tsohon sanata da kowa ya sani, ya fito fili a 2022 ya ce ba zai ba daliget ko sisi ba a neman takarar gwamnan Kaduna a PDP. Ƙuri’a 2 ya samu. A wancan lokacin ne kuma jaridu suka cika da labaran waɗanda suka faɗi suna bin daliget gida-gida a dawo musu da kuɗinsu.

Sai kuɗin fom, wanda shi ne ƙyauren farko. A 2014 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 27 da rabi ne, har Buhari ya ce sai da ya ci bashin banki. A 2018 ya koma miliyan 45, a 2022 miliyan 100. Na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. PDP ta sa miliyan 40 da miliyan 21 a manyan kujerun biyu. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Ke nan ma’aikacin da ke kan wannan albashi, ko bai ci bai sha ba, sai ya yi shekara kusan 28 kafin ya sayi takardar neman majalisar wakilai, ba a zo maganar daliget da fosta da man mota ba. Shugaban makarantar da ya yi ritaya, wanda duk ƙaramar hukumar ta san amanarsa, ya fita tun nan. Saura mutum biyu: mai kuɗin da ba a tambayi inda ya samo ba, da wanda ubangida ya saya wa.

Na biyun nan shi ne jigon maganata. Muna yawan ɗauka cewa kuskure ne ke kawo baƙuwar fuska, ko rashin sa’a. Ina! Nemansa ake yi da fitila. Ubangidan da zai kashe miliyoyi ba ya son mai jama’a, domin mai jama’a gobe zai ce shi ma ya isa. Wanda yake so shi ne wanda ba shi da kowa sai shi: mai riƙe masa jaka, ko ɗa, ko suruki, wanda in an ce ɗaga hannu a zauren majalisa zai ɗaga, in an ce a tsige wane zai sa hannu bai karanta ba. Rashin sani da rashin magoya baya, waɗanda mu muke gani aibi, su ne takardun shaidarsa a wurin mai gida. Ba kullum lissafin ke fita ba. Abin da ya faru a Anambra a 2003 tsakanin Gwamna Chris Ngige da ubangidansa Chris Uba, har aka yi awon gaba da gwamna mai ci a watan Yuli, ya nuna yadda ake yi in yaro ya ce ya girma. Amma darasin da iyayen gida suka ɗauka daga irin wannan shi ne a ƙara neman mai rauni.

Za a ce a koma ’yar tinƙe, ƙato bayan ƙato, kowane ɗan jam’iyya ya jefa. Majalisa ta so tilasta hakan, Buhari ya ƙi sa hannu a Disambar 2021, aka dawo da zaɓi uku: ’yar tinƙe, daliget ko maslaha. Ni ma da ina cikin masu wannan kira, sai alƙaluma suka sanyaya mini gwiwa. A ’yar tinƙen APC ta 2018 an ce Buhari, shi kaɗai ba abokin hamayya, ya samu ƙuri’a miliyan 14.8 a ƙasa, miliyan 2.9 daga Kano kawai. Bayan wata biyar, a babban zaɓe, inda kowa da kowa ke da damar zaɓarsa, abin da ya samu a Kano bai kai miliyan ɗaya da rabi ba. Ina sauran suka shiga? A Legas an ba Babajide Sanwo-Olu sama da 970,000 a kan gwamna mai ci Akinwunmi Ambode, a babban zaɓe ya ci da kimanin 739,000. In babu sahihiyar rajistar ’yan jam’iyya, ’yar tinƙe ma biro ce, sai dai sifirinta sun fi yawa. Maslaha kuwa dokar 2022 ta ce sai kowane ɗan takara da aka tantance ya amince a rubuce. Mun san yadda ake samun irin wannan amincewa da ƙarfe biyun dare.

Maganar cancanta ba zan daɗe a kanta ba. Tsarin mulkin 1999 takardar sakandare ko makamanciyarta ya nema, sashe na 318 kuma ya buɗe “makamanciyar” har ta haɗa da duk abin da hukumar zaɓe ta gamsu da shi. Ni digiri bai dame ni ba. Donatus Mathew ɗan acaɓa ne kafin mutanen Kaura a Kaduna su tura shi majalisar wakilai a 2023, kuma su sun san shi. Abin da ya dame ni kwamitocin tantancewa ne. A 1999 Salisu Buhari ya wuce tantancewar jam’iyya, ya ci zaɓe daga Kano, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai, sai mujallar The News ce ta tono cewa shekarunsa da takardar Jami’ar Toronto duk na bogi ne, ya sauka a watan Yuli. A 2020 Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a Bayelsa ana gobe rantsuwa saboda takardun mataimakinsa. Shekara 21 tsakani, kwamitin tantancewa bai koyi buɗe fayil ba. Kuma maimakon a faɗaɗa ƙofar ƙorafi, dokar 2022 ta tsuke ta. A dokar 2010 kowane ɗan ƙasa na iya kai ƙara in ɗan takara ya yi ƙarya a takardunsa. Sashe na 29(5) ya mayar da wannan dama ga wanda ya shiga zaɓen fitar da gwanin kaɗai, kuma kwana 14 gare shi. In an lallashe shi da alƙawarin kwamishina, magana ta mutu. Waɗanda suka rubuta wannan sashe sun san abin da suke yi.

Kotu ma ba ta fisshe mu ba. Tun shari’ar Onuoha da Okafor a 1983 ake ce mana tsayar da ɗan takara harkar cikin gida ce ta jam’iyya. In kuma kotun ta shiga, mai ƙuri’a ne ke kwana a ciki. Ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fitar da gwani a Zamfara ba, ta zubar da ƙuri’unta duka: gwamna, sanatoci 3, ’yan majalisar wakilai 7, ’yan majalisar jiha 24. Shugabannin jam’iyya suka yi ɓarna, aka hukunta masu zaɓe da wakilan da ba su zaɓa ba. A Yobe ta Arewa kuma Bashir Machina ne ya ci zaɓen fitar da gwanin da hukumar zaɓe ta halarta a Mayun 2022, lokacin Ahmad Lawan na neman shugaban ƙasa, amma ranar 6 ga Fabrairun 2023 alƙalai uku cikin biyar suka ba Lawan takara, bisa hujjar hanyar da aka bi wajen shigar da ƙarar. Lawan ba baƙo ba ne, kowa ya san shi. Sai dai duk wani shugaban jam’iyya ya karanta hukuncin ya gane cewa sunan da hedikwata ta aika ya fi rahoton jami’in da ya tsaya a rana nauyi.

Daga nan sai guguwa ta ƙarasa aikin. A 2015 da aka ce “sak”, mutane da yawa a Arewa sun dangwala wa tsintsiyar APC daga sama har ƙasa ba su san sunan ɗan majalisarsu ba. A takardar ƙuri’a ma alamar jam’iyya ce kawai, babu suna, babu hoto, kuma tsarin mulki bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba.

Na ga wakilan hukumar zaɓe a layin gaba, don haka buƙatata gare su kai tsaye ce, kuma ba ta jiran sabuwar doka. Sashe na 77 na dokar 2022 ya wajabta wa kowace jam’iyya ta miƙa muku rajistar ’ya’yanta kwana 30 kafin zaɓen fitar da gwani, sashe na 82 ya ce a sanar da ku kwana 21 kafin kowane taron zaɓe. Kun karɓi rajistar nan ko ba ku karɓa ba? In kun karɓa, ku liƙa ta kowace mazaɓa a bangon firamaren da za a yi taron, yadda kuke liƙa rajistar masu zaɓe. Ku tura jami’i ranar zaɓen daliget, ya zauna har magariba, in ba a yi ba ya rubuta ba a yi ba. Rahotannin jami’anku kuma ku sa su a intanet cikin mako guda, da sunayen daliget mazaɓa-mazaɓa, kafin kwana 14 na kai ƙara su cika. Kullum amsarku ita ce ba ku da ma’aikatan da za su kai mazaɓu 8,809. Ranar babban zaɓe kuna kai ma’aikata rumfuna sama da 176,000.