Yaƙi da Zaɓen Mawaƙin Ƙasa

Laccar da aka gabatar a gaban malamai, ɗalibai da matasa a Araba, ƙaramar hukumar Illela, jihar Sakkwato



Na san akwai wanda da jin taken laccar nan ya ce a ransa: ana fama da ɓarayin daji, wa ke ta gasar waƙa? Tambayar tana kan hanya. Amsata ita ce, ɓarnar yaƙi ba ta tsaya ga rayuka da rumbunan da aka ƙona ba. Tana kaiwa har ga muryar da ƙasa ke aikawa ta yi magana da yawunta a gaban duniya. Mu kuwa mutanen ƙasar Sakkwato mun san nauyin waƙa a lokacin fitina, tunda a waƙe Nana Asma'u ta bar mana labarin gwagwarmayar Shehu da jama'arsa. Abin da na zo in faɗa muku yau guda ɗaya ne: idan ƙasa tana cikin yaƙi, kafin alƙalan gasa su zauna kan kujerunsu, yaƙin ya riga ya yanke rabin hukuncin.

Zan fara da nesa, domin can aka fi ajiye labarin dalla-dalla. A Turai akwai gasar waƙa da ake kira Eurovision, wadda aka fara a 1956 a garin Lugano na ƙasar Suwizalan da ƙasashe 7. A 2025 masu kallonta sun haura miliyan 150. Gidan talabijin na kowace ƙasa ne ke fitar da waƙa ɗaya, kuma ƙasashe da yawa sukan shirya gasar cikin gida tukuna don a tace.

Ƙasar Yukiren ta yi tata gasar ta cikin gida ranar 12 ga Fabrairu 2022, wata mawaƙiya mai suna Alina Pash ta yi nasara. Kwana huɗu kacal ta yi da kambun. Aka tono cewa a 2015 ta je yankin Kirimiya, wanda Rasha ta ƙwace a 2014, kuma dokar gasar ta hana duk wanda ya shiga yankin ta ɓangaren Rasha. Aka yi ta ja-in-ja kan sahihancin takardar da ke nuna ta inda ta bi, har ta janye ranar 16 ga wata. Ku lura, babu wanda ya ce muryarta ta gaza. Hanyar da ta bi shekara bakwai baya ita ta kayar da ita. Aka miƙa tutar ga ƙungiyar da ta zo ta biyu, Kalush Orchestra. Ranar 24 ga watan sojojin Rasha suka afka wa ƙasar, kashegari masu shirya gasar suka sallami Rasha daga cikinta. Dokar ta-ɓaci ta hana maza daga shekara 18 zuwa 60 fita ƙasar, sai da gwamnati ta ba mawaƙan izini na musamman. A watan Mayu, a birnin Turin na Italiya, suka lashe gasar da maki 631, daga ciki 439 ƙuri'un masu kallo ne. Daga baya suka yi gwanjon kofin a kan dala 900,000, aka sayi jirage marasa matuƙa don sojoji.

Shin gwaninta ce ta ci ko tausayi? A ganina duka biyun, kuma babu abin kunya a ciki. Sai dai gaskiya ita ce, a wannan shekarar ma'aunin ya tashi daga auna waƙa ya koma auna inda zukatan mutane suka karkata.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na shekarar da ta biyo. Bisa al'ada ƙasar da ta ci ita ke karɓar baƙuncin gasa ta gaba, amma ba hali, sai birnin Liverpool na Ingila ya karɓa a madadinta. Duk da haka mutanen Yukiren ba su yarda wasu 'yan kwamiti su shige ɗaki su naɗa wanda suka ga dama ba. Ranar 17 ga Disamba 2022 suka sauka cikin tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar birnin Kiyef, inda jama'a ke fakewa idan an yi ƙarar harin sama, suka kafa dandali, mawaƙa 10 suka kara, jama'a suka jefa ƙuri'a. Waɗanda suka ci su biyu ne, sunan ƙungiyarsu Tvorchi. Mai rera waƙar, Jimoh Augustus Kehinde, ɗan Nijeriya ne da ya je karatun haɗa magunguna a garin Ternopil. Ƙasar da ake yaƙi don a shafe sunanta ta ɗora tutarta a kafaɗar baƙo ɗan ƙasarmu, don shi jama'a suka zaɓa. A daren ƙarshe na gasar, 13 ga Mayu 2023, makamai masu linzami suka sauka a Ternopil ɗin. Suka hau dandali, suka zo na shida.

Kafin su, a 1993, Bosniya ta yi nata zaɓen a Sarayebo alhali an yi wa birnin ƙawanya. Mawaƙinta Muhamed Fazlagić da abokansa sai da suka ratsa filin jirgin sama da gudu cikin dare, ana harbi, kafin su kama hanyar Ailan, inda aka yi gasar. Mai jagorantar makaɗansu bai samu fita ba, wani ɗan Ailan ne ya tsaya a gurbinsa. Wasu ƙasashen kuma yaƙi ya hana su zuwa ɗungurungum: Armeniya ta janye a 2021 bayan yaƙinta da Azarbaijan. Wani lokacin baitocin ne ke jawo rigima. An ƙi karɓar waƙar Jojiya a 2009 don ana ganin habaici ce ga Putin bayan yaƙinta da Rasha na 2008, an kuma sa Isra'ila ta sake baitocin tata a 2024, ana tsakiyar ruwan wuta a Gaza. A ƙarshen 2025 ƙasashe irin su Sifen da Ailan da Holan suka ce ba za su shiga gasar 2026 ba tunda an bar Isra'ila a ciki.

To, mu dawo gida. Bayan bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966, Nijeriya ce aka ba karo na biyu, a 1970. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ture shi, juyin mulkin 1975 ya sake ture shi, sai a Janairu 1977 aka buɗe shi a Legas da sunan FESTAC, aka yi hawan daba a Kaduna. Shekara bakwai a rayuwar makaɗi ba wasa ba ce. Wanda ke kan ganiyarsa a 1970, wataƙila kafin 1977 murya ta dushe, ko ƙasa ta rufe masa ido. Amma gwamnatin wancan lokaci ta yi abu ɗaya da ya kamata a yaba: a shekarar da aka ajiye makamai ta kafa bikin fasaha da al'adu na ƙasa, NAFEST, don waɗanda suka yi wa juna harbi jiya su sake haɗuwa a fili ɗaya.

Misalin da ya fi kusa da mu yana nan ƙetaren shingen kwastan. Nijar ta daɗe da tsarin tace mawaƙa daga ƙasa zuwa sama. Zamanin Seyni Kountché ƙungiyoyin Samariya ke fitar da gwanayensu zuwa bikin matasa na ƙasa. A 1987 aka kafa gasar Ɗan Gurmu, da sunan shahararren makaɗin nan na Tawa, jihar da Ƙonni ke cikinta. Ƙofofin fita waje kuwa mafi yawansu ta hannun Faransa suka bi: gasar gano sababbin mawaƙa ta gidan rediyon RFI, wadda aka fara a 1981, da wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, waɗanda waƙa na cikin abin da ake karawa a kai. Yamai da kanta ta karɓi baƙuncin wasannin a Disamba 2005.

Sai ga 26 ga Yuli 2023. Sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazoum, kwana biyu kafin a buɗe wasannin a Kinshasa. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta rufe iyakoki, ta ba da wa'adin mako ɗaya, ta yi barazanar amfani da ƙarfi. Ba sai na ba ku labarin wannan ba, a ƙofar gidajenku manyan motoci suka yi jerin gwano har kaya suka lalace, kuma kun ga yadda Mai Alfarma Sarkin Musulmi da Janar Abdulsalami suka tafi Yamai neman sulhu. Allah Ya kiyaye, ba a harba harsashi ba. Amma ku dubi abin da ya sami mawaƙi. A farkon Agusta aka katse RFI a Nijar. Faransa ta daina ba da biza a Yamai, a Satumba kuma aka aika wa gidajen wasanninta umarnin su dakatar da hulɗa da masu fasaha na Nijar da Mali da Burkina Faso, har sai da masu fasahar Faransa da kansu suka yi ca a kai. A Disamba ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta dakatar da Nijar, a Maris 2025 kuma Nijar ta fice daga cikinta. Ban zo in raba gardama tsakanin Yamai da Faris ba, kowane ɓangare yana da hujjarsa. Amma yarinyar da ta shekara tana gyaran murya a Tawa ko Maraɗi ba da ita aka yi shawara ba, ita ce kuma ta wayi gari ƙofa a rufe.

Duk wannan a saman tsani yake. Ɓarnar da ta fi muni tana matakin farko, inda ba mai ɗaukar hoto. Mawaƙin ƙasa ba daga sama yake faɗowa ba. Narambaɗa a ƙasar Isa ya tashi, Ɗanƙwairo a ƙasar Maradun, Ɗan'anace a fagen dambe ya yi suna. Gidan biki, dandalin kalankuwa bayan kaka, filin kokowa, gayyar noma, nan ake fara jin yaro, nan tsofaffin makaɗa ke cewa wannan a sa masa ido. Yau ku faɗa mini, a ƙauyukan Isa da Sabon Birni da Goronyo, wa ke kaiwa tsakar dare a dandali? Ana ɗaura aure da hantsi, a kai amarya kafin la'asar, kowa ya kama gabansa. Dubban mutanenmu suna gudun hijira a jihohin Maraɗi da Tawa. A Satumba 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har ɗan abin da yaro ke ɗauka a waya ya tura wa duniya ya tsaya. Idan gobe aka ce jihar Sakkwato ta kawo mawaƙanta, za a tara 'yan cikin birni a ce an zaɓi gwanin jiha, alhali an zaɓi gwanin waɗanda hanya ta bari su iso. Wanda ya fi su yana iya kasancewa a sansanin 'yan gudun hijira, kalangunsa ya ƙone tare da ɗakinsa.

Akwai kuma tambayar da aka yi wa Alina Pash, wadda mawaƙin bakin iyaka ya kamata ya shirya mata: ina ka je, wa ka yi wa waƙa? A nan dole a rarrabe. Mun ji waƙoƙin yabon shugabannin 'yan bindiga suna yawo a wayoyi. Wanda ya wasa mai kashe mutanensa don kuɗi bai cancanci ya ɗauki tutar kowa ba, ban kuma ga abin tattaunawa a nan ba. Amma wanda ya tsallaka Ƙonni ya yi kiɗan bikin ɗiyar gwaggonsa, ko ya yi wa ɗan kokowar Tawa kirari, bai yi laifin komai ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin iyakar nan a yarjejeniyoyinsu na 1904 da 1906, sun kuwa tarar da dangantakar a wurin. Kada rigimar gwamnatoci ta sa a mayar da zumunci abin tuhuma.

Ana iya riƙe zaɓe da gaskiya ko cikin tsoro. Nijar ta kai gasar takobin kokowa Diffa a ƙarshen 2022, jihar da Boko Haram ta addaba shekara da shekaru, jihohi takwas suka hallara aka yi lafiya. Mu ma nan mun iya tsarin: musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke jagoranta tun 1986 daga ƙaramar hukuma take tashi, zuwa jiha, zuwa ƙasa, har Makka. Ban haɗa darajar Littafin Allah da waƙa ba, tsarin tacewar kaɗai nake nuni da shi.

Don haka ga roƙona. Ga shugabannin ƙaramar hukuma da iyayenmu sarakuna: a riƙa shirya gasar waƙa da kiɗan gargajiya a matakin gunduma kowace shekara, da rana, a harabar makaranta, ko da kyautar ba ta fi turmin atamfa ba. A ware gurbi ga waɗanda aka raba da garuruwansu, su shiga da sunan garinsu na asali. Ga malamai da ɗalibai: ku ɗauki wayoyinku ku naɗi muryoyin tsofaffin makaɗan da suka yi hijira zuwa cikinmu, ku rubuta sunan kowa da garinsa da wanda ya koya masa, ku ajiye a makaranta. Ga 'yan'uwanmu na Ƙonni: tun Maris 2024 aka sake buɗe iyakar nan, a Maris 2025 kuma ƙasarku ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Gasar waƙar Hausa tsakanin Illela da Ƙonni ba ta buƙatar biza, ba ta buƙatar izinin wata ƙungiya ta ƙetare. Ku zo da naku makaɗan bayan kakar bana, mu fito da namu, a sa alƙalai daga ɓangarorin biyu.

Allah Ya ba ƙasashenmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.