Bashin Da Ba Mu Ci Ba

 

Kwanakin baya wata Hajiya a nan Bronx ta kawo mana takarda hankalinta a tashe. Wani kamfanin karɓar bashi na binta dala 900, wai kuɗin asibiti. Ba ta taɓa taka ƙofar asibitin ba, sunanta ne ya zo ɗaya da na wata. Har ta ware kuɗin adashinta za ta biya, don tsoron kada ta mutu da haƙƙin wani a wuyanta.

Wannan tsoron alheri ne, da shi aka rene mu tun a zango. Amma addinin da ya tsananta kan biyan bashi, shi ne ya ɗora wa mai da'awa kawo hujja. Dokar Amurka ta 1977 kan masu karɓar bashi ma haka ta tanada.

In irin wannan takarda ta zo, muna da kwana 30 daga ranar da muka karɓa. Mu rubuta musu wasiƙa cewa ba mu yarda da bashin ba, su kawo shaida. Da zarar ta isa, dole su dakata da neman kuɗin sai sun aiko da shaidar. Mu aika ta gidan waya, irin aiken da ake dawo wa mutum da shaidar an karɓa, mu kuma ajiye kwafi.

Kada mu biya ko dala ɗaya don a rabu da mu, kada mu ba da lambar asusun banki ta waya. Ba su da ikon kiranmu kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare. In sun matsa, akwai hukumar CFPB da ake kai wa ƙara kyauta.

Sammacin kotu kuwa ba a saka shi ƙarƙashin katifa. Wanda bai amsa ba, ana iya yanke masa hukunci a bayan idonsa, har a taɓa albashinsa.

Hajiya ta aika wasiƙarta, adashinta na hannunta. Iyayenmu, kada kunya ta sa ku ɓoye takarda. Ku ba yara su karanta muku, ko ku kawo mana bayan sallar Juma'a mu rubuta amsar tare.

Allah Ya raba mu da nauyin bashi. Wassalamu alaikum.