Ba mu da ƙuri'a, amma muna da waya

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Birmingham, makonni biyu kafin zaɓen shugaban ƙasa na 2023

 

An ce in yi magana kan zaɓen ranar 25 ga Fabrairu. To, sai mu fara da abin da ke mana ciwo: duk wanda zai kwana a Ingila ranar ba shi da ƙuri'a. A watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurin ba 'yan Najeriya mazauna waje damar zaɓe. Alhali a watan Agustan shekarar 'yan Kenya sun yi layi a nan Birtaniya sun zaɓi shugabansu. Mu kuwa kuɗinmu na shiga gida, kusan dala biliyan 20 a shekara, amma ƙuri'armu ba ta shiga.

Kada wani ya ce tunda haka ne babu ruwansa. Wanda ya yi watanni yana jiran Form A, jami'a na aiko masa da takardar gargaɗi, ya san da ruwansa. Haka wanda ƙanwarsa ta zauna gida wata takwas a yajin aikin ASUU na bara. Yanzu ga canjin kuɗi: iyayenmu na da kuɗi a banki, amma na cefane ya gagara.

Ni injiniya ne, don haka ku yi min uzuri in kalli lamarin da idon sana'ata. Tinubu, Atiku, Obi da Kwankwaso duk sun yi alƙawarin wutar lantarki. Tambayar ita ce ta wace hanya? Ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000, babban layin kuma ya faɗi sau da dama a bara. Matsalar ba a samarwa kaɗai take ba. Akwai iskar gas da ba ta isa tashoshi, akwai layukan dako da suka tsufa, akwai kamfanonin rabawa da ba sa tara kuɗin da za su biya. Tun kafin a haife mu ake zancen Mambila. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai kilomita 614, an ƙaddamar da shi a 2020. Wa zai ƙarasa shi, da wane kuɗi?

Mu 'yan Manchester kullum muna wuce tsofaffin masaƙun da suka ci audugar ƙasarmu; yau sun zama gidaje da ofisoshi, garin ya samu wata sana'ar. Namu na Kakuri a Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano da yawa sun rufe, ba a samu madadi ba. Wannan ya kamata mu tattauna, ba wane ɗan wane ne ba.

Sai batun BVAS. Na'urar tana tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, sannan ta ɗauki hoton takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, a ɗora a shafin IReV na INEC. Ci gaba ne, ba shakka. Amma jama'a, na'ura ba ta da imani. Tana buƙatar caji, tana buƙatar sabis, tana buƙatar ma'aikaci mai tsoron Allah, a rumfuna sama da 176,000. A aikinmu ba a dogara da kariya guda. Sai an yi ta biyu ko da ta farko za ta gaza. Kariya ta biyu a nan mutane ne.

Ga abin da nake roƙo. Kowa ya kira gida. Ka gaya wa ƙannenka masu katin zaɓe su fita, domin a 2019 kusan kashi 35 cikin ɗari ne kawai suka fita. Su tsaya har a ƙirga, a liƙa sakamako, su ɗauki hotonsa. Mu kuma da Allah ya ba intanet mai ƙarfi mu zauna mu kwatanta da abin da aka ɗora.

Na biyu, mu kiyaye yatsunmu. A gida ana ganin duk abin da ɗan Ingila ya turo gaskiya ne, tunda ai mai ilimi ne. Saƙon murya ɗaya na ƙarya da ka tura a WhatsApp yana iya tayar da wutar da kai ba za ta ƙone ka ba, sai maƙwabcin mahaifinka a Sabon Gari ko Tudun Wada. In ba ka tabbatar ba, bar shi a wayarka.

Na uku, zaurenmu. A cikinmu akwai 'yan jar hula, akwai masu tsintsiya, akwai masu lema. Kowa ya riƙe nasa. Amma azumi na tafe a watan Maris, kuma tukunya ɗaya za mu yi buɗa-baki da ita. Kada a faɗi abin da zai hana mu haɗa ido.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri, ya sa a yi lafiya a gama lafiya.